Yadda ake gyaran hoton da kumbo ya aiko

 Ku matso kusa da radiyo. Wanda yake da allo ko takarda, ya ɗauko, don yau akwai ɗan lissafi a cikin hirarmu.

Mu fara da wasiƙa. A ce ɗanka yana Abijan wurin bida. Ya rubuto maka wasiƙa, ya ba wani direba. A hanya ruwa ya taɓa ta, tawada ta narke nan da can. Ka buɗe, ka ga an rubuta: "Na aiko da ku i." Baƙi ɗaya ya goge tsakanin "ku" da "i". Ba sai ka je neman malami ba. Ka san "kuɗi" ne, domin baƙaƙen da ke gefe sun gaya maka. Amma sai ka ci gaba, ka ga "jikka 1", lambar da ke biye ta goge. Jikka 10 ne? Jikka 15 ne? Jikka 19? Nan maƙwabta ba su da abin cewa. In ka cika gurbin da son ranka, kai da direba za ku yi faɗa a banza.

Wannan damuwa ita ce damuwar masu karɓar hotuna daga sararin samaniya. Kumbo, wato na'urar nan da ake harbawa sama, yana tafiya ba mutum a ciki. Yana ɗaukar hoton wata, ko hoton wata duniya. Mafi yawansu ba su dawowa. Saboda haka babu takardar hoto da za a kawo a hannu. Wasiƙa ce kumbo yake aikowa ta radiyo, kuma wasiƙar duk lambobi ce.

Ga yadda abin yake. Ku dubi tabarma. Daga nesa zane ɗaya ake gani. In ka matsa kusa, sai ka ga ƙananan gidaje jere, layi bisa layi, kowane da launinsa. Haka na'urar hoto take yanka abin da ta gani, ɗigo-ɗigo. Kowane ɗigo sai ta ba shi lamba gwargwadon haskensa. Sai ta karanto lambobin ɗaya bayan ɗaya, daga layin farko har na ƙarshe. A ƙasa a rubuta su, a jera, a mai da kowace lamba launinta. Hoto ya fito.

A watan Yuli na shekara ta 1965, wani kumbon Amurka mai suna Mariner 4 ya wuce kusa da jan tauraron nan da ake kira Mars. Shi ne ya fara aiko hoton wata duniya daga kusa. Kowane hoto nasa layi 200 ne, kowane layi ɗigo 200. Ku lissafa: ɗigo 40,000 ke nan. Lambobin daga 0 suke zuwa 63. Sifiri fari ne fat, 63 baƙi ne ƙirin, sauran suna tsakani. Kumbon yana nesa da mu da fiye da kilomita miliyan 200, kuma ƙarfin muryarsa wat 10 ne kawai, kamar ƙaramin ƙwan lantarki. Sai ya yi magana sannu-sannu don a ji shi. Hoto ɗaya sai da ya ci fiye da awa 8 kafin ya gama sauka.

Ma'aikatan da ke jira a garin Pasadena, a jihar Kaliforniya, haƙuri ya ƙare musu. Suka buga lambobin a kan siraran takardu, suka manna su a bango gefe da gefe. Suka sayo alli mai launi a kanti. Suka riƙa shafa wa kowace lamba launinta da hannu, kamar yara a aji. Hoton farko na Mars daga kusa da ido ya gani, da hannu aka cika shi.

To, ina kuskure yake shigowa? Kun san yadda radiyo yake yi in hadari ya taso, ko in tasha ta yi nisa. Murya ta tafi, shuu ya zo, kalma ta ɓace. Sararin sama ma yana da nasa shuu. Rana tana da ƙara, taurari suna da ƙara, ita kanta na'urar saurare tana da tata. Muryar kumbo kuwa kafin ta iso ta zama raɗa.

Akwai abu guda da ya kamata ku riƙe. Radiyon kumbo bai san 20 ko 52 ba. Alama biyu kaɗai ya sani, 0 da 1. Da su yake rubuta kowace lamba. A Mariner 4 kowane ɗigo alama shida ne. Ga 20: 010100. Ga 52: 110100. Ku rubuta su ɗaya bisa ɗaya, ku duba. Alamar farko ce kawai ta bambanta. In shuu ya bugi wannan alama guda, ɗigo mai haske ya koma mai duhu. Shi ya sa hoton da bai sha gyara ba yake zuwa da tabo, fari da baƙi, kamar an watsa masa gishiri da toka. Wani lokaci kuma murya ta yanke gaba ɗaya na ɗan lokaci, sai layi guda ko layi goma su ɓace, a ga baƙin zare ya ratsa hoton.

Wani zai ce, ai sai a ce wa kumbo ya maimaita. An yi haka. Mariner 4 ya ajiye hotunansa 22 a zaren rikoda, ya aiko su sau biyu, aka gwada na farko da na biyu. Amma maimaici yana da tsada. Daga Mars a lokacin, murya tana yin minti 12 a hanya kafin ta iso. Daga duniyar Neftun fiye da awa 4 ne. Wani kumbon ma ba shi da ran da zai jira tambaya. A shekara ta 1975 kumbon Tarayyar Sobiyet, Venera 9, ya sauka a kan Zara, tauraruwar nan da muke gani da asuba ko da magariba. Zafin wurin ya wuce digiri 450. Minti 53 aka yi ana jin sa, shi ke nan. Wa zai ce masa ya sake?

Saboda haka gyara iri biyu ne. Akwai wanda ake shiryawa tun kafin wasiƙa ta tashi. Akwai wanda ake yi bayan ta iso. Na farko ya fi, kuma shi nake so ku gane sosai, don kun riga kun san shi a kasuwa.

A ce magatakarda yana rubuta buhunan gujiya. Manoma uku ne, ranakun kasuwa uku. Ku rubuta tare da ni.

Layi na farko: 4, 2, 5. Jimla 11.
Layi na biyu: 3, 6, 1. Jimla 10.
Layi na uku: 7, 2, 2. Jimla 11.

Yanzu ku haɗa daga sama zuwa ƙasa. Jeri na farko 14. Jeri na biyu 10. Jeri na uku 8. Ku rubuta su a ƙarƙashi.

To, takarda ta yi tafiya. Wanda ya kwafe ta ya yi kuskure, ya rubuta 8 a wurin 6. Kai da ka karɓa ba ka nan lokacin awo. Amma ka haɗa layi na biyu, ka sami 12, alhali an rubuta 10. Ka san akwai ɓarna a wannan layi. Ka haɗa jeri na biyu, ka sami 12, alhali an rubuta 10. Inda layin da jerin suka gamu, nan ɓarawon yake. Kuma ka san da nawa ya yi ƙari: da 2. Ka cire 2 daga 8, ka mai da 6 wurinsa. Ba ka aika kowa ya tambayo ba. Ba ka yi zato ba. Takardar ce ta gyara kanta, saboda jimlolin da aka ɗora mata.

Wani masanin lissafi Ba'amurke, Richard Hamming, shi ne ya fara shirya wa na'urori irin wannan dabara. Yakan bar wa na'urar lissafi aiki ran Juma'a, ya dawo ran Litinin ya tarar ta gamu da kuskure ta watsar da aikin. Abin ya dame shi. Ya ga cewa na'urar da ta iya gane akwai kuskure, ya kamata ta iya gane inda yake. A 1950 ya fitar da hanyarsa. Daga nan wasu masana suka ɗora.

A 1971 kumbo Mariner 9 ya isa Mars, ya shiga zagaya ta. Shi kowace alama 6 sai ya aiko ta a cikin alama 32. Kamar ɓarnar wuri ne, ko ba haka ba? Amma ku ji amfaninsa. Ko shuu ya ɓata 7 daga cikin 32 ɗin, duk inda suka faɗa, na'urar ƙasa tana mai da ainihin lambar ba kuskure. Da maimaici aka yi, a faɗi kowace alama sau biyar, alama 30 za a kashe, kusan tsada ɗaya. Amma nan in ɓarna uku ta faɗa kan alama guda, an sha kashi. Da wannan shiri Mariner 9 ya aiko hoto 7,329.

Bari in ɗan ratse. Da ya isa, hotunan farko ba su nuna kome ba sai fili, in ban da kawunan manyan duwatsu huɗu. Laifin ba na hanya ba ne. Ƙura ce ta rufe duniyar Mars ɗungum, irin hazon da muke sha da hunturu, har ta fi. Lambobin sun iso daidai, ƙurar suka nuna. Babu lissafin da zai ɗage ƙura. Jira aka yi har ta kwanta, wajen farkon 1972.

Kumbo biyu masu suna Voyager sun tashi a 1977. Hotonsu layi 800 ne, kowane layi ɗigo 800. Da Voyager 2 ya doshi duniyar Uranus a 1986, da Neftun a 1989, nisa ya yi yawa, murya ta ƙara raguwa. Sai aka koma ga wata dabara da masana biyu, Irving Reed da Gustave Solomon, suka fitar tun 1960. A kan kowace lamba 223 ana ɗora lamba 32 na tsaro. Ko 16 sun lalace a cikinsu, ana gyara su duka. Wannan dabara ba ta tsaya a sama ba. Ita ce take sa faifan CD ya yi waƙa ko ya ɗan karce. Ita ce kuma a cikin ɗan zanen nan mai murabba'i, baƙi da fari, da ake haskawa da wayar hannu.

Kunnuwan da ke sauraren waɗannan kumbo manyan eriya ne masu siffar akushi. Mafi girmansu faɗinsu mita 70. Suna wuri uku: Kaliforniya, da kusa da Madrid a Sipaniya, da kusa da Kanbera a Ostareliya. An raba su haka don duk yadda duniya ta juya, wani kunne yana fuskantar kumbo.

Yanzu gyara na biyu. Duk tsaron da aka yi, wani abu yakan kuɓuce. Hoto ya iso da tabo ko da layi a ɓace. Nan aikin kwamfuta ne, da manhaja, wato jerin umarnin da aka rubuta mata ta bi. A can Pasadena wani masani mai suna Robert Nathan ya fara wannan aiki da hotunan wata da kumbo Ranger 7 ya aiko a 1964. A 1966 aka haɗa manhaja mai suna VICAR don gyaran hotunan kumbo.

Me manhaja take yi? Abin da kuka yi da kalmar "kuɗi". Tana tambayar maƙwabta. Ku rubuta wannan layi: 20, 21, 20, 52, 22, 21. Wace lamba ce baƙuwa? Ko yaro ya ga 52. Kwamfuta takan ɗauki ɗigo da maƙwabtansa takwas da ke kewaye da shi, su zama tara. Ta jera lambobinsu daga ƙarami zuwa babba. Ta ɗauki ta tsakiya, ta biyar, ta gwada da ɗigon. In ɗigon ya yi nisa da ita ƙwarai, sai ta cire shi ta sa ta tsakiyar a wurinsa. Me ya sa ba a haɗa su duka a raba tara ba? Don in an yi haka, baƙuwar lambar ta shiga cikin lissafi, ta ja sauran. In an jera kuwa, tana can ƙarshen layi, ba ta taɓa ta tsakiya.

In layi guda ne ya ɓace, sai a dubi na sama da na ƙasa. Sama 30, ƙasa 34, sai a sa 32 a tsakani. Haka mai gyaran tabarma yake yi, ya dubi zanen gefe biyu ya bi da sabuwar kaba. In an yi sa'a akwai hoto na biyu na wuri ɗaya, wannan ya fi. Hoton Venera 9 ya zo da ratsi-ratsi a tsaye, domin kumbon yakan katse hoto ya aiko labarin awon da yake yi. Amma idonsa ya bi wurin ya dawo, kuma ratsin tafiya da na dawowa ba su faɗa wuri ɗaya ba. Sai aka ɗebo daga wannan aka cike wancan.

A nan nake so mu tsaya, don a ganina nan ne maganar take. Gyaran jimla da gyaran maƙwabta ba ɗaya ba ne. Na jimla yana mai da abin da aka aiko. Na maƙwabta faci ne. Yana sa hoto ya yi kyan gani, amma lambar da aka sa, ba kumbo ya faɗe ta ba. Zato ne mai hankali, amma zato ne. In akwai ƙaramin rami a cikin layin da ya ɓace, faci ba zai nuna shi ba. Abin da ya fi wannan haɗari, wani lokaci baƙuwar lambar gaskiya ce.

Ga misali. Ran 14 ga Fabrairu 1990, Voyager 1 yana nesa da mu da kilomita wajen biliyan 6. Aka umarce shi ya juyo ya ɗauki hoton gida. A cikin ɗigo 640,000 na hoton, duniyarmu ko ɗigo ɗaya ba ta cika ba. Ɗan haske ne guda a cikin duhu, a tsakiyar wani ratsin hasken rana. Da an saki manhajar share tabo a kansa ba tunani, da ta tambayi maƙwabta, sun ce ba su san shi ba, ta goge. Da ta goge Maradi da Damagaram da Tawa da Yamai, da teku da hamada, da kowa da kowa. An gane shi ne don masu aikin sun riga sun lissafa inda duniya za ta kasance, kuma ɗigon ya fito a wuri ɗaya a hotuna uku da aka ɗauka da launi daban-daban. Shuu ba ya faɗawa wuri ɗaya sau uku.

Haka kuma a watan Maris na 1979. Wata ma'aikaciya, Linda Morabito, tana duban hoton Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Mushtari, wadda Turawa ke kira Jupiter. Ta ƙara wa hoton haske da kwamfuta don ta ga taurarin da ke baya. Sai ga wani abu kamar laima a gefen Io. Mai gaggawa zai ce lahani ne ya share. Ita ba ta share ba. Aka bincika, ashe dutse ne mai aman wuta yake feshi sama, na farko da aka taɓa gani yana aiki a wajen duniyarmu.

Don haka masu wannan aiki suna da ƙa'ida. Lambobin da suka iso, yadda suka iso, da tabonsu da ramukansu, ana ajiye su daban, ba a taɓawa. A kan kwafi ake gyara. Kuma ana rubuta abin da aka yi wa hoton, mataki-mataki, a liƙa masa. Wanda ya zo bayan shekara talatin da manhaja mafi kyau, sai ya koma ga na asali ya sake. An yi haka da hoton duniyarmu na 1990: a 2020 aka sake gyara shi daga lambobin farko.

Abin da bai iso ba kuwa, bai iso ba. Ran 14 ga Janairu 2005 wata na'urar Turai mai suna Huygens ta sauka a kan Titan, watan duniyar Zuhal. Ta hanya biyu take aiko hotuna. An manta da umarnin buɗe kunne ɗaya. Hoto wajen 700 aka sa rai, wajen 350 aka samu. Sauran babu kwamfutar da za ta ƙago su.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. Taurarin ɗan adam da ke zagaya duniyarmu, su ma da lambobi suke aiko hoto. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET, da aka kafa a 1974 bayan babban fari. Tana amfani da irin waɗannan hotuna don bin sawun ruwan sama da ciyawa da amfanin gona a ƙasashen Sahel. A nan faci yana iya taɓa tukunya. A 2003 wani sashe na tauraron Landsat 7 ya lalace, kowane hoto nasa ya riƙa zuwa da ratsi, wajen kashi 22 cikin 100 babu kome. Aka riƙa cike ramukan da hoton wata rana. Amma ku duba: in hoton na watan Oktoba ne, facin kuma na watan Agusta, sai a ga kore a inda ciyawa ta riga ta bushe. Wanda zai ba makiyayi shawara da wannan hoto, dole ya san ina ne gani, ina ne faci.

Ga aikin wannan mako. Ku rubuta.

Layi na farko: 5, 3, 8. Jimla 16.
Layi na biyu: 2, 9, 1. Jimla 15.
Layi na uku: 6, 1, 7. Jimla 14.
Jimlolin ƙasa: 13, 13, 19.

Jimlolin duk daidai suke. Lamba ɗaya ce ta lalace a hanya. Ku nemo ta, ku faɗi abin da ya kamata ta zama. Kowa ya yi nasa tukuna, kafin ku gwada da na juna. Wanda ya gama da wuri, ya ɓata lamba biyu a layi ɗaya ya ba maƙwabcinsa, a ga ko jimla za ta iya kama su. Amsa sai mako mai zuwa war haka. Mu kwana lafiya.